Bukhara ko Samarkand, wanne zan fi ba kwanaki? Waɗanda suka taɓa zuwa ku taimaka

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema dan Allah. Harkar kasuwa za ta kai ni Istanbul bayan babbar sallah in Allah ya kai mu, sai na ga tunda an riga an fito ai gara in ƙara gaba in leƙa Uzbekistan, don na daɗe da burin in ga garin Imamu Bukhari in tsaya a kabarinsa in yi masa addu'a. Kwanakin da zan samu ba su kai mako ba. Niyyata in sauka Tashkent in wuce Bukhara kai tsaye in ƙare kwanakina a can, amma yaron shagona ya dame ni wai Samarkand ta fi kyau. To ni ba kyau ne zai kai ni ba. Wanda ya taɓa zuwa ya gaya min gaskiya, kuma yaya maganar abinci da sallah da kuɗi.

Malam_Na_Zaure:
Wa alaikumussalam Alhaji. Allah ya cika buri. Amma in kabarin kake nufi to ba a Bukhara yake ba. A Bukhara aka haife shi, shekara ta 194 bayan hijira, amma rasuwa a wani ƙauye ya yi da ake kira Khartank kusa da Samarkand, daren ƙaramar sallah na shekara ta 256. Sarkin Bukhara na lokacin Khalid bin Ahmad ne ya aiko masa ya zo fada ya karantar da 'ya'yansa su kaɗai, shi kuma ya ce ilimi zuwa masa ake yi, mai so ya zo masallaci ya zauna cikin mutane. Daga nan aka shiga yi masa bi-ta-da-ƙulli har aka fitar da shi daga garin, ya tafi wajen danginsa a Khartank, a can ajali ya same shi. Kenan yaron shagonka ya faɗi daidai ko da dai ba da wannan dalilin ya faɗa ba.

Abban_Sadiq:
Ikon Allah. Allah ya gafarta Malam, to ai lissafin ya canza kenan. Nisan ƙauyen daga Samarkand fa?

Dalibin_Tashkent:
Baba ba nisa, wajen kilomita 25 ne arewa da gari, tasi za ka hau cikin minti arba'in ka isa. Ni karatu nake a Tashkent kuma duk baƙon da ya zo mana daga gida sai mun kai shi. Ka sauke manhajar Yandex Go a wayarka tun kafin ka taso, ita ce ake kiran tasi da ita kuma tana nuna maka kuɗin tun kafin ka shiga, in ba haka ba direbobin bakin tasha suna ganinka baƙo za su ninka maka sau uku. Sannan ka ce wa direban ya jira ka, dawowa ta fi tafiya wahalar samun mota.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni dai na je duka biyun kuma in za a sake ba ni tikiti Bukhara zan koma. Samarkand ka gani ka buɗe baki ne ka ɗau hoto ka wuce, manyan tituna motoci ko'ina, ginin nan yana nan wancan yana can sai ka hau mota. Amma tsohon garin Bukhara a ƙafa kake zaga shi duka, lungu lungu, katangun ƙasa, tsofaffi suna zaune a bakin tafkin Labi Hauz ƙarƙashin bishiyoyi suna shan koren shayi ba mai sauri. Da na tsaya gindin hasumiyar Kalon bayan magariba an kunna mata fitilu wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi, abu an gina shi tun 1127 da tubali zalla, tsawonsa ya haura mita 45, kuma kowane zagaye na tubalin da irin nasa ado. Mai yi mana jagora ya ce da Jengis Khan ya ci garin a 1220 ya ƙona kusan komai amma ita ya bar ta.

Bakatsine_77:
Hajiya kin ce ba mai sauri, ai ke kasuwa ta riƙe ki, mun san hali 😂

Hajiya_Mai_Atamfa:
@Bakatsine_77 ƙanina ka bar ni da abin da ya dame ni. Ai kuwa na yi ciniki, akwai wasu rumfunan kasuwa masu ƙubba a mahaɗar hanyoyi tun na zamanin fatake, cikinsu sanyi ƙalau ko ana rana, ana sayar da darduma da wuƙaƙe da almakashi mai siffar tsuntsu da wani zanen gado mai aikin hannu da suke kira suzani. Kuma suna son a taya, in ka biya kuɗin farko da aka faɗa maka kai ka so.

Sadauki_Kd:
Ni kafin a yi nisa ina da tambaya. Ya halatta ma mutum ya ɗaura kaya ya yi tafiya takanas saboda kabari? Hadisin da ya ce ba a ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku a cikin littafin shi Bukharin yake fa. Kada a je neman lada a dawo da akasinsa.

Ɗan_Zawiyya:
An fara. Dama na san sai wani ya kawo wannan. Malamai da yawa sun fassara hadisin da cewa maganar masallatai ake, wato kada ka yi tafiya zuwa wani masallaci kana ganin sallarsa ta fi lada sai waɗannan ukun. Ziyarar kabari kuwa an yi umarni da ita a hadisin Muslim, tana tuna lahira. Mutum ya ce zai je ya yi WA mamaci addu'a, bai ce zai roƙe shi ba.

Sadauki_Kd:
Ziyarar makabartar garinku daban, hawa jirgi daban. Kuma ka je ka ga abin da ake yi a irin wuraren nan sannan ka zo mu yi magana.

Malam_Na_Zaure:
Ku yi haƙuri 'yan'uwa, wannan saɓani ne da ya girme mu duka, manyan malamai sun yi rubuce-rubuce a kai ta kowane ɓangare kuma ba a wannan zauren za a warware shi ba. Alhaji shawarar tafiya ya nema. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya yi niyyar ganin ƙasa da ɗaukar izina, in ya iso makabarta ya yi sallama ya yi addu'a ya wuce.

Injiniya_Bash:
Bari in dawo da mu kan hanya. @Abban_Sadiq ba sai ka zaɓi ɗaya ba fa, mutane suna magana kamar garuruwan suna gabas da yamma ne. Akwai jirgin ƙasa mai gudu sunansa Afrosiyob, ƙirar Sifaniya, daga Tashkent zuwa Samarkand awa biyu da 'yan mintuna, daga Samarkand zuwa Bukhara kamar awa ɗaya da rabi. Layi ɗaya ne. Matsalarsa guda, tikiti yana ƙarewa da wuri sosai musamman lokacin baƙi, kamfanonin yawon buɗe ido suna kwashewa, don haka ka saya ta intanet makonni kafin tafiyar. In ka rasa akwai wani mai suna Sharq, ya fi jinkiri amma zai kai ka. Sannan tashar jirgin Bukhara ba a cikin gari take ba, tana wani gari Kagan, sai ka ƙara tasi na kamar minti ashirin. Wani abin kuma, tunda daga Istanbul za ka taso akwai jirgin sama da ke sauka Samarkand kai tsaye, ba dole sai ka bi ta Tashkent ba.

Abban_Sadiq:
Injiniya Allah ya saka da alheri, wannan ita ce irin maganar da nake nema. Biza fa?

Injiniya_Bash:
Da koren fasfo dai sai da biza, kuma ka gama da ita tun kana gida kada ka bari sai ka isa Turkiyya. Abin da mutane ke mantawa shi ne rajista, duk otal ɗin da ka kwana zai yi maka rajistar kwana, wasu su ba ka 'yar takarda ƙarama. Ka adana su cikin fasfo har ka fita daga ƙasar, ba kullum ake tambaya ba amma ranar da aka tambaya ba ka da su ranar za ka san muhimmancinsu.

Dalibin_Tashkent:
Ƙari a kan na Injiniya, ka duba jakar magungunanka. Duk wani abu mai tiramadol ko kodin kada ya biyo ka sai da takardar likita, ba sa wasa da wannan a filin jirgi. Haka ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, an hana shiga da shi ba izini. Kuɗi kuma ka riƙo dala sababbi marasa yagewa ko rubutu, ka canza a banki, kuɗinsu som ake kiransa, dala ɗari kawai za ka canza ka zama miloniya aljihu ya cika da takardu.

Zango_Kumasi:
Kowa na ta Bukhara Bukhara, ni kuwa Samarkand ce ta tafi da ni. Hajiya ki yi haƙuri amma ba a kwatanta Registan da komai. Fili ne makarantu uku sun kewaye shi ta ɓangare uku, ta hagu ita ce ta Ulugh Beg an gama ta 1420, ta dama Sher-Dor an gama ta 1636, ta tsakiya Tilla-Kori wajen 1660. Ka shiga masallacin da ke cikin ta tsakiyar ka ɗaga kai, rufin duk ruwan zinare da shuɗi, za ka rantse ƙubba ce mai zurfi alhali kusan a shafe yake, zanen ne aka yi ta ƙanƙanta shi zuwa tsakiya har ido ya ruɗu. Na daɗe a tsaye wuyana ya yi ciwo. Ka je da sassafe kafin motocin baƙi su iso, sannan ka koma da dare in an kunna fitilu, kamar wurare biyu ne daban.

Sadauki_Kd:
Ita wannan Sher-Dor ɗin ba ita ce mai hoton damisa da rana mai fuskar mutum a saman ƙofa ba? A makarantar addini fa.

Zango_Kumasi:
Ita ce. Dabbobi biyu masu kama da damisa ko zaki suna bin barewa, rana tana fitowa a bayansu da ido da gira. Ni ma na yi mamaki. A Bukhara ma akwai makarantar Nadir Divanbegi a gefen tafkin da Hajiya ta ambata, ita tsuntsaye ne a kanta. Masu mulkin lokacin ne suka gina abinsu yadda suka so.

Bakatsine_77:
Ni abin da ya ɓata min rai a Registan ɗin, ɗakunan da ɗalibai suke kwana suna haddar karatu yanzu duk shaguna ne, ana sayar da faranti da hula da maganaɗisun firij. Ka shigo da shauƙin tarihi sai wani ya tare ka da mayafi yana cewa dala goma. Kuma in ka lura yawancin tayil ɗin da ke ƙyalli sabo ne, gyaran zamanin Sobiyat ne da na bayansa, ka nemi tsofaffin hotunan wurin na shekara ɗari da suka wuce ka ga yadda ya zube. Har hasumiya ɗaya da ta karkace injiniyoyinsu suka miƙar da ita a 1932. Ban ce gyara laifi ba ne amma wani wurin an yi masa kwalliya har ta yi yawa, sun ma ja katanga sun raba unguwannin talakawa da hanyar da baƙi ke bi. Ni sai da na sami wata ƙaramar ƙofa na shiga bayan katangar sannan na ga garin gaske, yara suna ƙwallo, mata suna shara a ƙofar gida, inabi ya yi rumfa a tsakar gida.

Injiniya_Bash:
Gara kwalliyar da ta yi yawa da a bar abu ya rushe. Mu da muke kallo ana yanka badala ana fitar da filaye ba mu da bakin magana.

Bakatsine_77:
Wannan kuma gaskiya ne, na yi shiru.

Ummu_Hanan:
Dan Allah tunda ana maganar ni ma in tambaya, maigidana yana ta zancen mu je. Mace mai hijabi tana samun matsala? Na ji an ce ƙasar tsoffin 'yan kwaminis ce ba sa son addini.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ƙanwata hijabi ba matsala ko kaɗan, da dogon hijabina na zaga ko'ina, matansu ma da yawa suna ɗaura kallabi wasu suna sa hijabi wasu kuma kai a buɗe. Niƙabi ne ba a yarda da shi ba, a 2023 suka yi dokar tara ga mai rufe fuska a bainar jama'a. Abin da zai gajiyar da ke daban ne, hoto. Ba su saba ganin baƙar fata ba musamman waɗanda suka zo ziyara daga ƙauyuka, tsofaffin mata masu haƙoran zinare za su kewaye ki suna dariya suna riƙe miki hannu a yi hoto, wata har jikarta ta miƙo min in riƙe. Ba da wulaƙanci suke yi ba, da ka ce assalamu alaikum sai su dafa ƙirji su amsa, in suka ji kin iya Fatiha kuwa shi kenan kin zama 'yar gida. Amma ranar farko abin dariya ne, zuwa rana ta uku kin fara ɓuya.

Dalibin_Tashkent:
Hajiya mu da muke zaune a nan har yanzu ba mu huta ba 😂 Maganar addini kuma @Ummu_Hanan, shekara kusan saba'in suka yi ƙarƙashin Sobiyat har zuwa 1991, an rufe masallatai da makarantu da yawa, kuma shugabansu na farko Islam Karimov ma ya matsa sosai. Tun da Shavkat Mirziyoyev ya hau a 2016 an sassauta, ana kiran sallah a lasifika, ranar Juma'a masallatai suna cika har waje kuma yawanci matasa ne. Amma za ki ga shagon giya a fili, kuma wa'azi a kan titi ko raba littattafan addini ba abin da baƙo zai gwada ba ne.

Malam_Na_Zaure:
Alhaji ka san kuma Hanafawa ne. La'asar ɗinsu tana yin latti fiye da yadda ka saba don su sai inuwar abu ta ninka shi biyu, kada ka je masallaci da lokacin gida ka ga ba kowa ka ɗauka ba sa sallah. Ba sa bayyana amin, wutirinsu raka'a uku ne a haɗe. Kuma tunda kana son malamai, a cikin Samarkand ɗin akwai kabarin Imam Abu Mansur Maturidi wanda ya rasu 333 bayan hijira, Imamu Darimi mai Sunan ma ɗan garin ne. Tirmizi kuwa garinsu Termez yana can kudu bakin iyakar Afganistan, wannan ba zai shiga kwanakinka ba.

Ɗan_Zawiyya:
Malam ka manta babba. Shah-i-Zinda, inda ake cewa nan kabarin Ƙusam ɗan Abbas yake, ɗan baffan Manzon Allah SAW, wanda ya zo yankin tare da rundunar musulmi ta farko. Wani siririn lungu ne a kan tudu hubbare na fuskantar hubbare, duk shuɗin tayil, a can ƙarshe ɗakinsa yake, akwai mai karatu a zaune yana karanta Ƙur'ani mutane suna shigowa su zauna su yi shiru su shafa su fita. A Bukhara kuma ka fita bayan gari kaɗan ka ziyarci Shehu Baha'uddin Naƙshabandi, ya rasu 1389.

Sadauki_Kd:
Ka faɗa masa har da ƙirga matakala mana. Wai ka ƙirga wajen hawa ka ƙirga wajen sauka in lissafin ya zo ɗaya an gafarta maka. Wannan fa a wane littafin yake?

Ɗan_Zawiyya:
Wannan zancen masu jagorar baƙi ne da 'yan yawon buɗe ido, ba wanda ya ce maka addini ne. Kai ma ka sani.

Mai_Shayi_Damagaram:
Ku bar faɗan nan ku gaya wa bawan Allah abin da zai ci. Ni ban je ba amma ɗan'uwana direban babbar mota ne ya yi aiki da wasu 'yan can a Turai, ya ce naman doki suke ci. Gaskiya ne?

Dalibin_Tashkent:
Gaskiya ne yaya, amma ba shi ne naman yau da kullum ba. Akwai wani da suke cusawa a hanji kamar tsiran Turawa sunansa kazi, ana yanka shi fale-fale a ɗora kan shinkafa, da wani abinci narin na siraran taliya da naman doki, an fi yinsa a Tashkent. In ba ka so kawai ka ce banda kazi. Sauran duk rago ne da sa.

Malam_Na_Zaure:
A Risala dai an haɗa doki da alfadari da jaki a hani, mu abin da muka karanta kenan. Shafi'awa da Hambalawa sun halatta doki. Alhaji sai ka tambaya kafin ka sa hannu.

Zango_Kumasi:
Abincinsu na gaske shi ne plov, su suna cewa osh. Kusan dafa-duka ce amma mai ya yi mata yawa, shinkafa da karas rawaya an yanka shi dogo-dogo da naman rago da kitsen jela, wani lokaci da zabibi da wani wake mai kama da gujiya, a ƙatuwar tukunyar ƙarfe maza ke dafawa. Na Samarkand ba a juya shi, shinkafa a ƙasa karas a kai nama a sama. Abincin rana ne, in ka wuce ƙarfe biyu sai ka tarar an kankare tukunya. Ka je inda 'yan gari suke layi ba gidan abincin da ke kallon Registan ba. Sai samsa da ake mannawa a bangon tanderu, ka yi hankali da ita romo ne a ciki mai zafi. Sannan burodin Samarkand, zagayayye mai nauyi mai sheƙi, a kasuwar Siyob kusa da masallacin Bibi Khanum za ka ga an jera shi a keken jarirai an lulluɓe da bargo. Kada ka kife shi a kan tebur, suna ganin rashin ladabi ne, kuma da hannu ake gutsura.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ka tafi da yajinka Alhaji. Na faɗa maka. Abincinsu ba barkono ko na magani.

Abban_Sadiq:
Hajiya ai yaji ko Umara ba na tafiya ba shi. Wato dai yadda na fahimta in sauka Samarkand in yi ziyara in ga Registan, sannan in hau jirgin ƙasa in ƙarasa Bukhara.

Tarihi_Zalla:
Na makara amma bari in sa baki. In ka je Samarkand za su kai ka Gur-Emir kabarin Taimur, za ka ji ana ta kiransa gwarzo, mutum-mutuminsa a ko'ina. Ka riƙe a ranka cewa mutumin nan shi ya ragargaza Delhi a 1398, ya ƙona Dimashƙa ya yi wa mutanen Bagadaza kisan kiyashi a 1401, yawancin waɗanda ya kashe musulmi ne, kuma magina da masu sana'ar da suka ƙawata Samarkand kamo su ya yi daga garuruwan da ya ci. Ibn Khaldun ma ya gana da shi a bayan ganuwar Dimashƙa ya rubuta labarin ganawar. Kyan garin gaskiya ne amma da jinin wasu garuruwan aka yi shi. Ni wanda ya fi burge ni jikansa ne Ulugh Beg, sarki ne amma hankalinsa na kan taurari, ya gina wurin duban sama a kan tudu ya lissafa matsayin taurari 1018 ba tare da madubin hangen nesa ba, ƙarshe ɗansa na cikinsa ya sa aka kashe shi a 1449. Abin da ya rage na wurin wani lanƙwasasshen ma'auni ne na dutse a cikin rami, sai a 1908 wani Barashe ya tono shi. Mutane da yawa suna tsallake wurin don ba shi da ƙyalli.

Bakatsine_77:
Ba shi Taimur ɗin ne aka ce da aka buɗe kabarinsa yaƙi ya ɓarke ba?

Tarihi_Zalla:
Masanan Sobiyat sun buɗe shi a watan Yunin 1941, bayan kwana biyu zuwa uku Jamus ta afka musu ranar 22 ga wata. Wannan ya faru. Amma Hitila ya yi watanni yana shirya harin, ba buɗe kabari ya jira ba. Abin da binciken ya tabbatar dai shi ne gurgu ne da gaske, ƙafar dama.

Hajiya_Mai_Atamfa:
To kun gani, Samarkand duk labarin sarakuna da yaƙi ne. Bukhara kuwa makarantar Mir Arab da ke fuskantar masallacin Kalon har yau ɗalibai suna karatu a ciki, ko zamanin Sobiyat an sake buɗe ta bayan yaƙin duniya na biyu, baƙo ba ya wuce zaure sai dai ka leƙa ta tagar katako ka hango su suna wucewa da littattafai. Ni wannan ya fi min zinaren rufi. Alhaji ka ba Bukhara kwanakin da suka fi yawa, ziyarar Khartank da Registan ai yini ɗaya da rabi sun isa.

Zango_Kumasi:
Yini ɗaya da rabi?? Hajiya Shah-i-Zinda kaɗai sai ta ci safiya guda. Ga Bibi Khanum ga Siyob ga wurin Ulugh Beg ga ƙauyen Konigil inda suke yin takarda da ɓawon bishiya a gabanka. A'a wallahi. Bukhara ce ma ake gamawa da wuri tunda komai a wuri ɗaya yake.

Injiniya_Bash:
Duk kun manta abu mafi muhimmanci, ya ce bayan babbar sallah. Alhaji in tafiyar ta faɗa ƙarshen Yuni zuwa farkon Agusta to ka shiga lokacin da suke kira chilla, kwana arba'in na tsananin zafi, Bukhara tana haura digiri 40 kuma a bakin hamada take, tubalin nan yana mayar da zafi har dare. Samarkand ta ɗan fi sauƙi don tana kan tudu. Mafi daɗi Afrilu da Mayu ko Satumba da Oktoba, a na biyun ne ma kankana da inabi da rumman suke cika kasuwa. Hunturu kuma ƙanƙara ce ke sauka, kada ka gwada da rigar sanyin gida.

Mai_Shayi_Damagaram:
Digiri 40 ne ake tsorata mu da shi? Injiniya ka zo nan a watan Afrilu.

Injiniya_Bash:
Kai a inuwa kake zaune kana zuba shayi malam, shi yini zai yi yana yawo a ƙafa a kan dutse.

Dalibin_Tashkent:
Baba @Abban_Sadiq in dai ta Tashkent za ka fita ka bar rabin yini ka ga tsohon Mus'hafin nan da ake dangantawa da Sayyidina Usman, a kan fata aka rubuta shi da manyan haruffan Kufi ba ɗigo ba wasali, a da a Samarkand yake Rashawa suka ɗauke shi zuwa Saint Petersburg daga baya aka dawo da shi. Masu bincike suna cewa rubutun ya ɗan biyo bayan zamanin Usman ɗin, amma ko a haka yana cikin mafi tsufa a duniya. Kuma harshe, Ingilishi ba zai kai ka ko'ina ba in ka bar otal, Uzbek ne da Rashanci, a Samarkand da Bukhara kuma da yawa Tajik suke yi a gida. Ka sauke manhajar fassara wadda ke aiki ba intanet. Larabci yana taimako a wajen limamai kawai.

Sadauki_Kd:
Ni dai har yanzu ba a ba ni amsar hadisin ba, an dai bi ta gefensa.

Ɗan_Zawiyya:
An ba ka, ba ka karɓa ba ne.

Ummu_Hanan:
Hajiya dan Allah wane irin masauki kika zauna a Bukhara, otal ko gidan baƙi? Kuma bayan gidansu akwai ruwa ko sai mutum ya tafi da butarsa? Da yara biyu za mu je shi ya sa nake ta tambaya.